Babi na Biyar: Hannun da Ya Fi Kusa da Gado

Ranar 15 ga Fabrairun 2022 gwamnatin Birtaniya ta saka aikin kula da tsofaffi cikin jerin ayyukan da ƙasar ke fama da ƙarancin ma'aikatansu. Daga ranar, gidan kula da tsofaffi da ke wani ƙauye a Ingila ya samu damar ɗauko ma'aikaciya daga Kaduna ko Harare ko Kerala, ya ba ta takardar ɗaukar nauyi, ita kuma ta nemi biza. Dalilin bai ɓuya ba. Ƙididdigar hukumar Skills for Care ta nuna cewa tsakanin 2021 da 2022 akwai guraben aiki kimanin 165,000 a wannan fanni, a Ingila kaɗai, waɗanda aka rasa masu cike su. Annobar korona ta gajiyar da ma'aikata, ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ta rage masu zuwa daga gabashin Turai, ga manyan kantuna suna biyan kusan abin da gidajen tsofaffi ke biya, ba tare da mutum ya ɗaga kowa daga gado ba.

Kafin a ce kwabo dubban 'yan Najeriya sun shiga wannan ƙofa. A 2023 Indiya da Najeriya da Zimbabuwe ne kan gaba wajen samun bizar. Cikin waɗanda suka tafi akwai masu digiri, da tsoffin ma'aikatan banki, da malaman makaranta. A gida kuwa aka samu abin faɗa. Uwa za ta kira 'yarta a waya ta ce, "Yanzu ke da karatunki, abin da ya kai ki Turai ke nan, wanke wa tsofaffin Turawa jiki?" Ita kuma ta ce, "Umma, aiki ne, kuma halak ɗina nake ci." Amsar gaskiya ce, sai dai ta bar abu mai yawa a baya. Akwai abin da wannan aiki ke bai wa mai yin sa wanda ba ya fitowa a takardar albashi, kuma tushensa guda ne: a duk cikin ma'aikatan lafiya babu wanda ya kai mataimakiyar nas sanin tsohon da ke kwance.

Yadda yini ke tafiya

A yawancin gidajen kula da tsofaffi na Ingila yini kashi biyu ne, na rana da na dare, kowanne awa goma sha biyu. Da safe, wajen ƙarfe bakwai ko takwas, masu aikin kwana za su miƙa aiki: wane bai runtsa ba, wance ta ƙi shan ruwa, wane ya zame a banɗaki amma bai ji ciwo ba. Daga nan sai a shiga ɗakuna. A tashi mutum, a yi masa wanka ko a goge masa jiki, a wanke masa baki, a sa masa haƙoran roba da tabarau da na'urar ji, a canza famfas ga wanda ba ya iya riƙe fitsari, a sa masa kaya. Wanda ba ya iya tsayuwa, mutum biyu ne za su ɗaga shi da na'ura su ɗora a kujera, don an hana ciccibar mutum da ƙarfin tuwo. Sai karin kumallo, sai shayi, sai rakiya banɗaki, sai abincin rana. Duk abin da aka yi sai an rubuta, har adadin ruwan da ya shiga cikin mutum.

Likita kan leƙo ne lokaci lokaci, ya yi 'yan mintoci ya wuce. Nas na riƙe da magunguna da raunuka da takardu, ga mutum ashirin ko talatin a wuyanta. Wadda ke shiga ɗaki sau goma a yini, wadda ta ga tsohon nan a tuɓe, ta ga yadda ya haɗiyi loma, ita ce mataimakiya.

An daɗe ba a ɗauki aikin a matsayin abin da ke buƙatar koyo ba. Sai da rahoton Robert Francis ya fito a Fabrairun 2013 a kan abin da ya faru a asibitin Stafford, inda aka bar majinyata cikin ƙazanta da ƙishirwa, sannan gwamnati ta sa 'yar jarida Camilla Cavendish ta binciki halin da mataimakan ke ciki. Ta tarar da mutum sama da miliyan 1.3 suna wannan aiki ba tare da wani tsayayyen mizanin horo ba. Wasunsu faifan bidiyo kawai aka ba su su kalla, aka tura su ɗakin marasa lafiya. Daga shawararta aka fito da takardar shaidar kulawa a Afrilun 2015, mai darussa 15 a lokacin, waɗanda sabon ma'aikaci kan kammala a makonni goma sha biyu na farko: tsafta, ciyarwa, kare mutunci, gane alamun cin zarafi, da sauransu. Amurka ta riga Birtaniya yin haka tun 1987, lokacin da dokar gyaran gidajen jinya ta wajabta horon awa 75 ga duk mataimakin nas. Horon ba shi da yawa a ko'ina. Ainihin karatun a bakin gado ake yin sa.

Ido

Abu na farko da aikin ke bai wa mutum shi ne ido. Tsoho ba ya ciwo irin na matashi. Sau da yawa ba zazzaɓi, ba kuka, ba nuna inda ke ciwo. Abin da za a gani kawai shi ne mutum ya canza. Dattijon da kullum yakan yi wa ma'aikata ba'a yau ya yi shiru. Tsohuwar da ta san sunan kowa yau tana ganin mutane a jikin labule. Wanda bai san su ba zai ce tsufa ne. Wadda ta yi musu wanka jiya ta san cewa jiya ba haka suke ba, kuma ruɗewar da ta zo farat ɗaya alama ce ta wani abu a jiki: ƙwayoyin cuta a mafitsara ko a huhu, ƙarancin ruwa, taurin bayan gida, ko sabon maganin da bai karɓi mutum ba. Idan ta je ta ce wa nas, "Yau fa ba ita ba ce," aka duba da wuri, to sau da yawa maganin 'yan kwanaki ya wadatar. Idan aka yi sakaci, sai motar asibiti, wani lokaci ma a tafi ba a dawo ba.

Haka batun ruwa. Jin ƙishirwa na raguwa da shekaru, har tsoho ya bushe bai nemi ruwa ba. Wasu kuma da gangan suke ƙin sha don gudun jiƙa gado. Mataimakiya ce ke gano cewa wance ba ta shan ruwan sanyi amma tana son shayi mai madara, wane kuma sai an riƙe masa kofi. Haka batun haɗiya. Bayan shanyewar ɓarin jiki, ko in ciwon mantuwa ya yi nisa, abinci kan ɓata hanya ya faɗa huhu ya haifar da ciwon da ke kashe tsofaffi da yawa. Wanda ke riƙe da cokali shi ke fara jin tarin da ke biyo bayan kurɓa, shi ke jin muryar ta jiƙe. Shi ya sa ake zaunar da mutum sosai kafin a ba shi abinci, a kaurara wa wasu ruwan sha, a jira loma ta wuce kafin a kai wata.

Sai gyambon kwanciya. Idan jiki ya daɗe a danne a wuri ɗaya jini ba ya isa fata, sai naman ya fara mutuwa daga ciki, musamman a tsatso da ƙugu da dunduniya. A da ana ganin abin ƙaddarar duk mai doguwar jinya ne. Wata nas 'yar Ingila, Doreen Norton, ita da abokan aikinta suka nuna a 1962 cewa juya majinyaci a kai a kai na hana shi, ta kuma tsara ma'aunin gane wanda ke cikin haɗari, wanda ake amfani da shi har yau. Maganin bai wuce hannu da lura ba. A nan ma'aikatanmu na da abin da za su koyar. Littattafan horo sun daɗe suna cewa alamar farko ita ce jan fata, alhali a baƙar fata jan ba ya fitowa. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ko ya yi ɗumi, ko ya yi tauri in an taɓa. Gyambon da aka tare tun yana tabo babu mai ba da labarinsa, don bai faru ba. Amma wadda ta tare shi ta sani, kuma wannan sanin na sa mutum ya koma gida da daddare yana jin bai yi yinin banza ba.

Rufin asiri

Ka ɗauki mutumin da ya yi shekara arba'in yana tuƙa jirgin ƙasa, ko matar da ta shugabanci makaranta, yau ga shi ba ya iya kai kansa banɗaki. Abin da ya fi ci masa rai ba ciwon ƙafa ba ne, kunya ce. Yadda aka yi masa wankan nan shi zai nuna masa ko har yanzu mutum ne ko ya zama kaya.

Ƙwararriyar mataimakiya na ƙwanƙwasa ƙofa kafin ta shiga, ko da ta san na ciki ba zai amsa ba. Tana faɗin abin da za ta yi kafin ta taɓa mutum. Tana rufe rabin jiki da tawul yayin da take wanke ɗaya rabin. In ta tarar gado ya jiƙe ba ta yamutsa fuska, sai ta ɗauko zancen ruwan sama ko na ƙwallon jiya, hannunta na aiki, har a gama tsohon bai sunkuyar da kai ba. Ɗan Najeriya ba baƙo ba ne a nan, don mun taso a inda ba a haye maganar babba, ba a kiran sunansa gatsal. Abin da kan ba sababbin zuwa wuya shi ne akasin haka: bakinsu ya saba da "Mama" da "Baba," sai a ce musu a nan ana tambayar mutum sunan da yake so a kira shi da shi, kuma tsohuwa mai shekara 90 za ta iya cewa a kira ta da sunanta na yanka. Girmamawar ɗaya ce, hanyar ce ta bambanta.

Wani ɓangare na rufin asirin shi ne ƙin yi wa mutum abin da zai iya yi da kansa. Ya fi sauri ka ɓalla wa tsoho maɓallan riga da ka tsaya minti biyar yana lalube. Amma hannun da aka daina bari ya yi aiki mantawa yake yi. A 1976 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Ellen Langer da Judith Rodin, suka wallafa gwajin da suka yi a wani gidan tsofaffi a jihar Connecticut ta Amurka. Mazauna wani bene aka ce musu ragamar rayuwarsu na hannunsu: kowa ya zaɓi shukar da zai riƙa ba ruwa, ya zaɓi daren da zai kalli fim. Na ɗaya benen ma an ba su shuka, amma aka ce ma'aikata za su kula da ita, za kuma a sanar da su ranar fim. Cikin 'yan makonni na farkon suka fi walwala da kazar kazar. Bayan wata 18 waɗanda suka rasu a cikinsu sun kai kimanin kashi 15 cikin ɗari, na biyun kuwa kashi 30. Mutanen da aka gwada ba su kai ɗari ba, don haka masana na taka tsantsan da alƙaluman mutuwar. Darasin dai ya zauna a fannin. Likita Bill Thomas, wanda a farkon shekarun 1990 ya cika wani gidan tsofaffi a jihar New York da karnuka da kyanwoyi da tsuntsaye ɗari, ya ce cututtuka uku ne ke cin mazauna irin waɗannan gidaje: kaɗaici, da rashin abin yi, da jin cewa ba su iya komai. Babu ɗaya a ciki da ake rubuta wa magani. Wadda ta ɗago riguna biyu ta ce "Wacce za ki sa yau?" ita ke maganinsu.

Gigin tsufa

Ƙungiyar Alzheimer's Society ta ƙiyasta cewa kusan mutum bakwai cikin goma na mazauna gidajen tsofaffi a Birtaniya na da ciwon mantuwa ko matsananciyar matsalar tunawa. Abin da muke kira gigin tsufa ke nan, kuma ba tsufan ba ne kansa, ciwo ne da ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. A nan aikin ya fi wuya, a nan kuma ya fi daɗi.

Tom Kitwood, malami a Jami'ar Bradford wanda ya rasu a 1998, ya sauya yadda ake kallon abin. Shi da abokan aikinsa sun riƙa zama a ɗakunan hutawa na gidajen tsofaffi suna rubuta abin da ke faruwa da kowane mutum duk bayan minti biyar. Ya lura cewa lalacewar mai wannan ciwo ba daga ƙwaƙwalwa kaɗai take zuwa ba, har da yadda ake mu'amala da shi: a yi maganarsa a gabansa kamar ba ya nan, a yi masa wayo, a ɗauke shi yaro, a yi masa sauri fiye da yadda zai iya bi. Ya ce yawancin masu yin haka ba mugunta ce ta sa su ba, gaggawa ce da sabo. A littafinsa na 1997 ya kafa abin da yanzu ya zama ginshiƙin horo a Birtaniya, wato a fara duban mutumin kafin a dubi ciwon.

Ga yadda abin yake a aikace. Da la'asar sakaliya, lokacin da masu wannan ciwo suka fi rikicewa, tsohuwa mai shekara 88 za ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa, ta ce za ta tafi gida, mahaifiyarta na jiranta. Sabon ma'aikaci zai ce mata mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa. Sai ta fashe da kuka kamar yau aka faɗa mata, don a wurinta yau ɗin ne, gobe kuma a sake. Wani zai yi mata ƙarya ya ce uwar na hanya, sai ta tsaya bakin taga har dare. Gogaggiya kuwa ta san ba uwar ake nema ba, kwanciyar hankalin da uwa ke bayarwa ake nema. Sai ta jera da ita ta ce, "Ba ni labarinta mana. Me takan dafa muku?" Suna tafe suna hira har su ɓulle ɗakin cin abinci, a haɗa shayi, jakar ta koma gefe.

Kowane mutum da mabuɗinsa. Wanda ke yawo da daddare yana taɓa ƙofofi, in aka bincika sai a tarar gadi ya yi a masana'anta, kuma in aka bar shi ya gama zagayensa zai kwanta. Wadda ke faɗa in an zo wanka, wataƙila namiji ne ba ta yarda ya taɓa ta ba. Wanda ya daina magana, a sa masa waƙar zamanin samartakarsa sai a ji yana bi, don ajiyar waƙa a ƙwaƙwalwa na cikin abubuwan da ciwon kan daɗe bai taɓa ba. Ranar da mataimakiya ta gano mabuɗin wani, har ta rubuta shi a takardar kulawa don na bayanta su amfana, ta yi aikin da na'urar hoton ƙwaƙwalwa ba ta iya yi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Mai harshe biyu in ciwon ya yi nisa yakan rasa wanda ya koya daga baya, ya koma na ƙuruciya. Mutanen da suka je Birtaniya daga Afirka ta Yamma da Indiya da Pakistan a shekarun 1960 yanzu sun tsufa, wasunsu Turanci ya fara kuɓuce musu. Dattijon da ma'aikata ke cewa yana sambatu, wataƙila ruwan alwala yake nema da harshen uwarsa. Ma'aikaciyar da ta gane haka, ta fuskantar da kujerarsa alƙibla, ta tabbatar abincinsa na halak ne, ta ce masa "Sannu Baba, ina gajiya?" ta mayar masa da duniyar da ya ɗauka ta ɓace.

Ƙarshen tafiya

Gidan kula da tsofaffi, ga mafi yawan mazaunansa, shi ne masauki na ƙarshe. Duk wanda ya daɗe a aikin zai raka mutane da yawa. Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a kudancin Landan a 1967 don masu ciwon ajali. Ta koyar cewa zafin mai mutuwa ba na jiki kaɗai ba ne, ya haɗa da tsoro, da damuwar iyali, da tambayoyin da ke tsakanin mutum da Mahaliccinsa. Allura na maganin na farko. Sauran sai da mutum a kusa.

A kwanakin ƙarshe aikin kan koma ƙanana: a jiƙa leɓe, a tsaftace baki, a gyara matashi, a juya mutum a hankali. Ana koya wa ma'aikata su ci gaba da yi masa magana ko da ya daina amsawa, kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar British Columbia ta Kanada a 2020 ya nuna ƙwaƙwalwar wasu masu gargara na amsa sauti har awannin ƙarshe. Sau da yawa mataimakiya ce ke fara lura numfashi ya sauya, ta ce a kira iyali yanzu, kada a bari sai da safe. Ɗan da ya samu ya riski mahaifinsa da rai saboda wannan kira ba ya manta wadda ta sa aka yi shi. In kuma babu kowa, ita ke jan kujera ta zauna. Mutumin da ya fito daga al'ummar da ba a barin mai jinya shi kaɗai, inda zaman makoki da rakiyar gawa hakki ne a kan kowa, ba ya buƙatar a yi masa bayanin darajar wannan zama.

Lada ba ya biyan haya

Duk wannan ba hujja ba ce ta rufe ido ga ɗaya fuskar. Albashin mafi yawan ma'aikatan na kusa da mafi ƙarancin da doka ta yarda, wanda ya kasance fam 11.44 a awa daga Afrilun 2024, ya koma fam 12.21 a 2025. In aka canza shi zuwa naira ya yi kauri, in aka cire haya da haraji da kuɗin mota sai ya sirance. Ciwon baya ya zama ruwan dare. Akwai mari da yakushi daga wanda bai san abin da yake yi ba, akwai kuma baƙar magana a kan launin fata daga wanda ya sani sarai. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatan fannin kan bar wurin aikinsu duk shekara, kuma duk wadda ta tafi, ta tafi da sanin da ta tara a kan mutanen da take kula da su.

A lokacin korona, tsakanin Afrilun 2020 da Maris na 2021, mazauna gidajen tsofaffi sama da 39,000 ne suka rasu da cutar a Ingila. An hana iyalai shiga, ma'aikata ne suka riƙa kara wa masu mutuwa waya a kunne don su ji muryar 'ya'yansu. Wasu suka bar gidajensu suka tare a wurin aiki na makonni. Jama'a sun riƙa fitowa ƙofar gida duk Alhamis da ƙarfe takwas na dare suna tafa musu. Da annoba ta lafa, tafin bai zama ƙarin albashi ba, ya tsaya a romon baka.

Baƙi kuma sun sha nasu. Dillalai sun karɓi miliyoyin naira a hannun mutane don takardar ɗaukar nauyi, alhali doka ta hana sayar da ita. Wasu sun sauka sun tarar babu aikin, ko awannin ba sa ciyar da mutum, ga tsoron yin ƙorafi don bizar a ɗaure take da mai ɗaukar aiki. Daga Yulin 2022 zuwa Disamban 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin ɗauko ma'aikata daga kamfanoni sama da 470 a wannan fanni. A Maris na 2024 aka hana sababbin zuwa tahowa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauko su daga waje gaba ɗaya. Wanda ya ce wa ma'aikaciya ta yi haƙuri da ƙaramin albashi tunda aikin lada ne, ya ci da guminta. Sanin darajar aikin shi ne babban dalilin neman a biya shi yadda ya kamata.

Abin da zai dawo gida

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan ɗaya a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu tasowa za su kasance. Najeriya ta fara shiri a hankali. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi a 2012, cibiyar dattawa ta ƙasa kuma ta fara aiki a 2021. Amma a ƙasar Hausa jinyar tsoho har yanzu a ɗakin gida ake yin ta, kuma mun fi son ta zauna a nan. Kai iyaye gidan tsofaffi abin kunya ne a wurinmu, addini ma ya ɗora wa 'ya'ya nauyin iyaye in girma ya kama su.

Sai dai mu tambayi kanmu wa ke ɗauke da nauyin. Yawanci mace ɗaya ce, 'ya ko matar ɗa ko jika, wadda ba wanda ya taɓa nuna mata yadda ake juya wanda ya shanye ba tare da ta karya bayanta ba. Ƙauna ba ta hana gyambon kwanciya in ba a san ana juya mutum ba. A gidaje da yawa ana ɗura wa tsoho kunu yana kwance a rigingine. Ana kulle tsohuwa a ɗaki don tana fita yawo, ko a ce jifa ne, ko a yi ta yi mata gardama a kan abin da ba za ta iya tunawa ba. Ba rashin tausayi ba ne, rashin sani ne, kuma sanin ba ya buƙatar na'ura mai tsada.

Yanzu muna da dubban 'ya'yanmu da suka koyi wannan sani da hannunsu. Kuɗin da suke aikowa zai ƙare a gini da kuɗin makaranta. Abin da suka iya kuwa zai iya shiga kwalejojin kiwon lafiya, da ƙungiyoyin mata, da makarantun Islamiyya, ya zama darasin sati biyu ga duk mai jinyar tsoho a gida, ya zama sana'ar da matasa za su koya a biya su a kanta ba tare da sun ƙetare teku ba. Matakin farko shi ne mu daina yi wa aikin kallon ƙasƙanci, don ba wanda zai koyar da abin da ake yi masa gori a kai.